Kunne Ya Girmi Allo

Daga Wakilinmu na Arewa

Yau ina so mu ɗan ajiye batun farashin shanu da kuɗin hayar ɗaki, mu leƙa wani aji mai nisa inda a ke koya wa 'yan shekara shida karatu da harshen Sifaniyanci. Na san wani zai ce, mu da ke fama da Yarabanci a kasuwa da Turanci a ofis, ina ruwanmu da Sifaniyanci? To, a yi mini haƙuri har in kai ƙarshe, domin kuwa abin da masana suka gano a kan yaran nan ya shafi kowane magidanci da ya ke renon 'ya'ya a ƙasar da ba a jin harshensa.

Da farko ya kamata mu san ko su wane ne. Kusan mutum miliyan 500 ne aka haifa cikin harshen nan. Asalinsa ƙasar Sifaniya, amma yau Meksiko ta fi kowace ƙasa yawan masu jinsa, ga kuma Kolambiya da Ajantina da Peru da Cile da Kyuba da sauransu. Har nan maƙwabtanmu akwai shi, watau a Ikwatoriyal Gini, ƙasar da ke da tsibirin nan da a da a ke kira Fernando Po, inda 'yan Nijeriya da yawa suka yi aikin gonar koko har zuwa shekarar 1976. Sa'an nan a Amurka akwai fiye da mutum miliyan 40 da ke magana da shi a gida. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan ci-rani ne da 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda neman abinci ya raba da garuruwansu, kamar dai yadda ya kawo mu Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan.

MENE NE KUNNEN SAUTI?

Yaro ɗan shekara uku ya iya magana sarai. Zai roƙi abinci, zai kai ƙara, har ƙarya zai shirga. Amma duk da haka bai san cewa kalmar da ke fita bakinsa haɗe-haɗe ce ba. In ka ce wa ɗan Meksiko “pato”, agwagwa kurum zai gani a zuciyarsa, domin ma'anar kalmar ke nan. Ba zai taɓa kawo wa ransa cewa kalmar gaɓa biyu ce ba, “pa” da “to”, balle ya san cewa “pa” ɗin ita ma sauti biyu ce da aka liƙa. Ranar da ya fara jin kalma a matsayin sauti, ya iya yanka ta, ya iya mai da ta, ya lura cewa “pato” da “gato”, watau kyanwa, ƙarshensu ɗaya farkonsu ne ya bambanta, to ran nan ya sami abin da zan kira kunnen sauti a cikin wannan maƙala.

Abin hawa-hawa ne. Yaro ya kan fara da rarrabe kalmomi cikin zance, sa'an nan gaɓoɓi cikin kalma, sa'an nan amsa-amo, daga ƙarshe kuma ƙwayar sauti, wadda ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi wuyar kamawa. A shekarar 1974 wata malama a Amurka, Isabelle Liberman, ita da abokan aikinta suka ba yara sanda suka ce su ƙwanƙwasa tebur daidai da yawan yankunan kalma. Cikin 'yan shekara huɗu, kusan rabi sun iya ƙirga gaɓa, amma ko ɗaya bai iya ƙirga ƙwayar sauti ba. Sai a ƙarshen aji ɗaya, bayan sun fara karatu, aka sami kashi 70 cikin 100 da suka iya.

Wani zai zaci girma ne ke kawo abin, kamar fitar haƙori. To, ba haka ba ne. A shekarar 1979 José Morais da abokan aikinsa suka je karkarar Fotugal, maƙwabciyar Sifaniya, suka sami manyan mutane waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba. Suka ce musu su cire sautin farko daga kalma ko su ƙara mata wani. Galibinsu suka kasa. Amma takwarorinsu na ƙauyuka iri ɗaya, waɗanda suka yi yaƙi da jahilci da girmansu, suka yi abin ba tare da wata wahala ba. Ashe ke nan ƙwayar sauti sai an nuna wa mutum ita, ba ta zuwa don kanta.

Me ya sa wannan ya zama wajibi ga mai koyon karatu? Domin kowane harafin boko wakilin ƙwayar sauti ne. Yaron da kunnensa bai ji “m” a farkon “mesa”, watau tebur, ba, in ka rubuta masa harafin a allo zane kawai ya ke gani mai ƙafa uku. Zai iya haddace shafi guda kamar aku, ya rera maka shi tsaf, amma ka rufe hoton ka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya, sai ya tsaya yana kallon rufin aji.

SA'AR DA SIFANIYANCI YA YI

Yaran Sifaniyanci sun yi wata sa'a da yaran Ingila ba su yi ba. Wasulan harshensu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma galibi kowane ɗaya yadda aka rubuta shi haka a ke faɗinsa. Yawancin gaɓoɓinsu baƙi ne da wasali: ca-sa, gida, ma-no, hannu, lu-na, wata. Suna kuma da wata hukumar harshe a birnin Madrid tun shekarar 1713, wadda ta yi ta gyara ƙa'idar rubutu tana matso da ita kusa da furuci. A gyaran da aka yi a 2010 aka tsai da haruffansu a kan 27.

Turanci kuwa Allah ya kyauta. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, kuma wasulan da a ke furtawa sun ninka na Sifaniyanci fiye da sau biyu. Duk wanda ya yi firamare ya tuna ranar da ya gamu da “though” da “through” da “tough” da “cough”: ƙarshe iri ɗaya a takarda, furuci huɗu dabam dabam a baki.

An auna bambancin nan da alƙaluma. A shekarar 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan yaran ƙasashen Turai masu harsuna 13, aka ba su kalmomi masu sauƙi su karanta a wajen ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Yaran Sifaniya suka karanta kashi 95 cikin 100 daidai, haka ma na Italiya. Yaran Faransa suka sami 79. Yaran Sukotlan masu karatu da Turanci kuwa 34 kacal suka samu. Gaskiya ne su sun fi sauran ƙuruciya, domin da shekara biyar a ke sa su makaranta, amma ko bayan sun ƙara shekara guda ba su kamo yaran Sifaniya ba.

Saboda wannan sauƙi ne tun kaka da kakanni malaman ƙasashen nan su ke koyarwa da gaɓa. Yaro ya fara da wasula biyar, sa'an nan a kawo masa baƙi ɗaya a zagaya da shi: ma, me, mi, mo, mu. Gobe a kawo “p”, jibi a kawo “l”. Kafin mako ya ƙare ya iya haɗa “mapa” da “pala” da kansa, ya ji daɗi ya ga ya karanta abin da ba wanda ya faɗa masa. Akwai ƙananan littattafai da aka gina a kan wannan hanya, irin wanda Adrián Dufflocq ya fitar a Cile a 1945, wanda ya bi ƙasashen yankin gida gida shekara da shekaru.

MALAM-BUƊE-LITTAFI

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk labarin nan shi ne aikin wata mata 'yar Ajantina, Emilia Ferreiro, wadda ta yi karatu a hannun shahararren masanin nan Jean Piaget, ta kuma rasu a Meksiko a 2023. Ita da abokiyar aikinta Ana Teberosky sun zauna da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida a birnin Buenos Aires, 'ya'yan talakawa da 'ya'yan masu hali, suna ce musu su rubuta kalmomi yadda suka ga dama, tun ba a koya musu ba. Suka fitar da littafinsu a 1979.

Abin da suka gani shi ne, akwai wani mataki da yaro kan kai inda ya ke ba kowace gaɓa harafi ɗaya tak. Alal misali a ce masa ya rubuta “mariposa”, watau malam-buɗe-littafi. Sai ya rubuta A I O A, ya ɗago kai yana murmushi. Uba mai gaggawa zai ce shirme ne, ya nemi bulala. Amma a sake duba kalmar: ma-ri-po-sa. Gaɓa huɗu, harafi huɗu, kuma kowane harafi shi ne ainihin wasalin gaɓarsa, ba kuskure ko ɗaya. Yaron nan ya riga ya gano babban sirrin rubutu, cewa alama sauti ta ke bi. Abin da ya rage masa shi ne ya ji baƙin da ke manne da wasalin. Yana bakin ƙofa ne, turawa kaɗan ya ke bukata.

Ya kamata in faɗa cewa aikin Ferreiro ya jawo gardama mai tsawo a ƙasashen nan. Waɗansu mabiyanta suka ce tun da yaro na gano abubuwa da kansa, a daina ma-me-mi-mo-mu, a kewaye shi da littattafai da labarai kawai, karatu zai zo. Waɗansu masana suka ce a'a, sai an zaunar da shi an nuna masa sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya. Ni a nawa ganin, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, amma in tilas ne in zaɓa, ina tare da na biyu. Dalilina shi ne ɗan talaka. Ɗan mai hali yana da wanda ke karanta masa labari da dare, ko malami ya yi sakaci zai tsinci abin a gida. Ɗan talaka in ba a nuna masa a aji ba, ba inda zai gani.

SAUƘI BA YA HANA TUNTUƁE

Kada a ɗauka cewa duk yaron Sifaniyanci ya tsira. Da zarar gaɓa ta tashi daga baƙi da wasali ta koma baƙi biyu a jere, sai a ga yara suna zubewa. A ce musu su rubuta “plato”, watau faranti, sai su rubuta “pato”. Faranti ya koma agwagwa, domin kunnensu ya haɗiye “l”. A nan ne hanyar gaɓa zalla ta ke gajiya, a nan ne kuma a ke gane yaron da ya san ƙwayar sauti da wanda ya haddace jerin gaɓoɓi kawai.

Rubutun nasu ma yana da nasa tarkon. Harafin “h” ba a furta shi. “B” da “v” sautinsu ɗaya. A duk Latin Amurka “casa”, gida, da “caza”, farauta, furucinsu ɗaya ne. Saboda haka yaro kan iya karatu da wuri amma ya daɗe yana kuskuren rubutu. Har wa yau, yaron da aka haifa da nauyin karatu, a Ingila da yawan kuskure a ke gane shi, amma a Sifaniya galibi da jan jiki a ke gane shi: yana karantawa daidai, sai dai gaɓa gaɓa kamar mai tsallake kwata, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Malami in ba mai lura ba ne sai ya ce ai yaro lafiya lau.

To, ana iya horar da kunnen nan? Ana iyawa. A shekarar 1994 Sylvia Defior da Pío Tudela na Jami'ar Granada suka buga gwajin da suka yi da 'yan aji ɗaya. Suka kasa su rukuni biyar, aka yi wa huɗu darasi ashirin cikin wata shida, waɗansu a kan sauti, waɗansu a kan ma'anar kalmomi. Waɗanda suka yi zarra a karatu da rubutu su ne aka horar a kan sauti tare da ba su haruffa a hannu suna taɓawa suna jerawa. Wani babban kwamiti da aka kafa a Amurka ya zo da irin wannan magana a rahotonsa na shekarar 2000, ya ƙara da cewa abin ba ya bukatar dogon lokaci: shirye-shiryen da suka ɗauki awa 5 zuwa 18 gaba ɗaya su suka fi amfani. Watau wasan baki shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa kunne da ido da hannu.

'YA'YAN BAƘI A AMURKA

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi kama da mu. Yaro an haife shi a Kalifoniya ko Teksas, uwarsa 'yar Meksiko ce mai aikin wanki, ubansa yana tsinkar 'ya'yan itace a gona. A gida Sifaniyanci, a makaranta Turanci. Shekaru da yawa waɗansu makarantu har hukunta yaro su ke yi in an ji ya yi harshen gida, iyaye da yawa kuma suka yarda cewa Sifaniyanci ne ke hana 'ya'yansu ci gaba, suka shiga yi musu guntun Turancin da su kansu ba su ƙware ba. A 1968 Gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba da kuɗi don koyarwa da harshe biyu, amma gardamar ba ta mutu ba.

A shekarar 1993 Aydin Durgunoglu da William Nagy da Barbara Hancin-Bhatt suka buga wani bincike da har yau a ke ambata. Sun ɗauki 'yan aji ɗaya masu jin Sifaniyanci, waɗanda aka fara koya wa karatu da harshensu, suka auna kunnen sautinsu da Sifaniyanci, suka auna kuma yadda su ke magana da harsunan biyu. Daga nan suka ba su kalmomin Turanci su karanta. Ga abin mamaki: yawan Turancin da yaro ke ji a baki bai nuna wanda zai iya karanta kalmomin ba. Abin da ya nuna shi ne ƙarfin kunnen sautinsa da iya karatunsa a Sifaniyanci. Yaron da ya iya yanka “sol”, watau rana, gida uku a harshen uwarsa, shi ne ya fi saurin kama kalmar Turanci.

Dalilin a fili ya ke. Gano cewa kalma tana yankuwa, kuma kowane yanki yana da alamarsa, sau ɗaya a ke yinsa a rayuwa. Wanda ya koyi tuƙi da ƙaramar mota, in an ba shi babba ba daga farko zai soma ba. Kuma a harshen da yaro ya fi sani, wanda rubutunsa ba ya yaudara, nan ne gano abin ya fi sauƙi.

Siyasa ba ta saurari masana nan da nan ba. A 1998 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'ar raba gardama suka taƙaita koyarwa da harshe biyu, aka ce a tsunduma yara cikin Turanci kawai. A 2006 wani kwamitin masana ya tattara binciken da aka yi a kan 'ya'yan baƙi, ya ce yaran da aka koya wa karatu da harshen gida tare da Turanci sun fi waɗanda aka koya wa da Turanci zalla, a jarrabawar karatun Turancin kanta. A 2016 mutanen jihar suka sake ƙuri'a, fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce a janye taƙaitawar. Shekara 18 ke nan, watau yaron da aka sa aji ɗaya a farkon dokar ya riga ya gama sakandare kafin a gyara ta.

MASU JA DA MAGANA

Ba zan ɓoye hujjar masu ja ba, domin suna da abin faɗa. Na farko za su ce, iya furta kalma dabam, gane ta dabam. Wannan gaskiya ne, kuma shi kansa rahoton 2006 ya faɗe shi: 'ya'yan baƙi su kan kamo 'yan ƙasa wajen karanta kalmomi, amma a bar su a baya wajen fahimtar abin da aka karanta, saboda ƙarancin kalmomin Turanci a kansu. Saboda haka ba wanda ya ce a jinkirta Turancin baki. A yi ta yi wa yaro shi a makaranta tun ran farko, da labari da waƙa da hira.

Na biyu za su ce ba kome ne ke ƙetarewa daga wannan harshe zuwa wancan ba. Wannan ma haka ne. A Sifaniyanci kalma ba ta farawa da “s” da wani baƙi a jere, shi ya sa yaransu kan ƙara “e” a gaban kalmomin Turanci irin “school”. Su kan kuma kasa jin bambancin “ship” da “sheep”. Waɗannan sai an koyar da su musamman. Amma a lura, gyaran 'yan wurare ke nan a ginin da ya riga ya tashi. Yaron da ba shi da kunnen sauti ko a harshen uwarsa, shi ko harsashi bai haƙa ba.

TO, MU FA?

Duk wanda ya biyo ni zuwa nan ya riga ya ga kamar. Wasulan da mu ke rubutawa a Hausar boko biyar ne, su ne dai a, e, i, o, u. Gaɓoɓinmu galibi baƙi da wasali ne: gi-da, ru-wa, ka-su-wa. Mu ma ba mu son baƙi biyu a farkon kalma, shi ya sa muka mai da na Turawa “burodi” da “direba”. Muna da namu tarkon, domin ba mu nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutu: garin da a ke zaune ciki da garin da a ke tuƙawa rubutunsu ɗaya, haka wuyan riga da wuyar aiki su ke kama. Amma in aka kwatanta da Turanci, rubutunmu hanya ce miƙaƙƙiya. Hasali ma hanyar hawa-hawan nan ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a makarantar allo da babbaƙu a ke farawa, sa'an nan farfaru, kafin yaro ya shiga haɗa kalmomi.

An ma gwada makamancin abin a nan Kudu. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da waɗansu yara dukan darussan firamare shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma aka ba shi darasinsa na musamman. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su a waɗansu fannoni. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da a ke yi a yankin. Sai dai ɗan Bahaushe a Legas ko Shagamu ko Fatakwal, harshen yankin ba nasa ba ne, Turanci ma ba nasa ba ne. Ba na tsammanin wata makaranta za ta ɗauko masa malamin Hausa gobe. Aikin ya dawo gida.

Abin takaici kuwa shi ne, a gidan ne mu ke yin irin kuskuren da iyayen Meksiko suka yi. Za ka shiga gida ka tarar uba da uwa duk Hausawa, amma da guntun Turancin kasuwa a ke yi wa yaro magana, wai don ya yi saurin gane boko. Sai yaro ya tashi Hausa ba ta zauna ba, Turanci bai zauna ba, an yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Shawarata ga 'yan'uwa ba ta bukatar ko kwabo. A yi wa yaro Hausa cikakkiya a gida, da tatsuniya da kacici-kacici da karin magana. Bayan sallar isha'i uwa ko wa ko ya su ɗauki minti goma: a tafa hannu a ƙirga gaɓoɓin sunayen 'yan gida, a tambaye shi wace kalma ce ke farawa kamar “mota”, a ce ya cire “ta” daga “tabarma” ya faɗi abin da ya rage. A sa shi ya ji bambancin “kafa” da “ƙafa”, “bari” da “ɓari”, “baki” da “baƙi”. In ya kai shekara biyar a yanka haruffa daga kwalin sukari a ba shi a hannu, ya jera ba, be, bi, bo, bu, ya haɗa “baba” da kansa. In ya rubuta abin da ya yi kama da shirme, a ƙirga haruffan da gaɓoɓin kafin a ɗaga murya, wataƙila A I O A ce ya rubuta.

Ina kuma kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa da tasha. Yadda mu ke tara kuɗin biki da na jana'iza, mu tara na malami guda da zai zauna da 'yan shekara biyar da shida da yamma, ko sau uku a mako, ya koya musu karatun Hausa wata shida. Wannan ba kishiyar makarantar boko ba ce, share mata fage ne. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ma tana da rabonta a aikin, domin tafa hannu da ƙirga gaɓa ba ya bukatar satifiket.

Mutanen Kalifoniya jiha guda ne mai arziki, suna iya yin kuskure shekara 18 su dawo su gyara. Magidanci ɗan ci-rani ba shi da wannan dama, domin ɗansa sau ɗaya zai yi shekara shida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani.